Mama ta tambayi likita ko ita ta jawo wa ɗanta ciwon baifola

Malam Edita, assalamu alaikum, barka da aiki.

Ranar 30 ga Maris da ta wuce ita ce ranar da aka ware a duniya dan tunawa da masu fama da ciwon baifola, an zaɓe ta ne saboda ranar haihuwar mai zanen nan ɗan ƙasar Holan ce, Vincent van Gogh, wanda wasu masana ke ganin shi ma irin ciwon ne ya wahalar da shi. Na duba jaridarku ranar, na sake dubawa washegari, ko layi ɗaya ban gani ba. Ba faɗa na zo yi ba wallahi, na san abubuwan da ke gabanku da yawa, shi yasa nace bari ni in rubuto, in kun ga da amfani ku buga in ba haka ba ai ko ba komai na sauke abin da ke raina.

Ni ba likita ba ce. Yayar mara lafiya ce kawai, shekara 12 kenan muna cikin wannan abu da ƙanina, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga wanda bai taɓa jin sunan ba, baifola ciwo ne na ƙwaƙwalwa mai fuska biyu. Akwai lokacin da mutum zai hau sama, likitoci suna ce masa maniya, barci ya ƙaura masa amma ba ya jin gajiya, surutu ba birki, tunani na gudu, yana jin babu abin da ya fi ƙarfinsa, ya kashe kuɗi ba lissafi ya yi alkawuran da ba zai iya cikawa ba, wani kuma ba murna ba ce ma, saurin fushi ne kaman ana watsa masa wuta. Sai ya kai aƙalla mako guda a haka ake kiransa maniya cikakkiya, akwai kuma mai sauƙi-sauƙi da kan ɗau kwana 4 ko fiye. Sannan sai lokacin faɗuwa, ciwon damuwa mai nauyi na mako 2 ko watanni, mutum ko wanka ya gagare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tace a 2019 mutum kusan miliyan 40 ne ke ɗauke da shi, kuma galibi yana fara nuna kansa ne daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa ashirin da 'yan kai.

Namu yana 19 ya fara. Da damuwa ya fara, ya daina zuwa aji ya rufe kansa a ɗaki, aka ce lalaci ne, aka ce ko ya fara shaye-shaye, kowa da sunan da ya ba abin. Daga baya aka kai shi asibiti aka ba shi maganin damuwa shi kaɗai, bayan 'yan makonni sai ga yaro ya tashi da wani irin kuzari, mu har murna muke an samu sauƙi, ashe ɗaya fuskar ce ta fito. Kwana biyar bai runtsa ba yana cika takardu da tsarin wani kamfani da zai buɗe, ƙarfe uku na dare yana kiran mutane a waya. Sai da ya kai 24 aka gane ainihin ciwon. Daga baya na karanta cewa ba mu kaɗai ba ne, matsakaicin jinkirin da ake samu tsakanin fara ciwon da gano shi ya kai wajen shekara 6, kuma maganin damuwa in aka ba mai baifola ba tare da maganin daidaita yanayi ba yana iya tunzura shi zuwa maniya.

To ranar da likitan ya faɗa mana sunan ciwon ina zaune kusa da Mama. Ba ta tambayi magani ba, ba ta tambayi ko zai warke ba, abin da ta fara cewa shi ne, likita dan Allah ka faɗa min gaskiya, ni na jawo masa? Baba kuma da muka koma gida muka faɗa masa, cewa yayi shi dai ya san bai rage shi da komai ba, ci da sha da makaranta, in ciwo ne to daga Allah ne kar wanda ya kawo masa maganar tarbiyya. Wannan tambayar ta Mama da wannan amsar ta Baba su ne dalilin wasiƙar nan, dan na shafe shekaru ina jujjuya su, kuma abin da na gano shi ne duk su biyun kowa ya kama gefe ɗaya ne ya saki ɗayan.

Bari in fara da abin da ke wanke Mama. Baifola na cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da gado ya fi ƙarfi a cikinsu. Wani babban bincike da aka yi a Siwidin aka buga a 2009, wanda ya bi bayanan iyalai sama da miliyan 2, ya ƙiyasta cewa kusan kashi 59 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane wajen kamuwa daga gado yake, binciken tagwaye kuma wasu sun kai shi har 85. A 2021 masana sun fitar da wurare 64 a cikin ƙwayoyin halittar ɗan adam da ke da alaƙa da ciwon, wato ba wata ƙwaya guda ba ce da za a nuna a ce ga ta, ƙananan abubuwa ne birjik da ke taruwa. Mu ma da muka zauna muka yi tunani sai muka tuna da ƙanin Baba, wanda tun muna yara ake cewa yana da lokacinsa, wata rana ya cika gida da dariya da kyauta wata rana a yi wata biyu ba a ga fuskarsa ba. Ba wanda ya taɓa kai shi asibiti har ya rasu. Barewa ba ta gudu ɗanta yayi rarrafe aka ce, to wani lokacin ba gudun kaɗai ake gada ba.

Kuma ina so iyaye mata su ji wannan da kyau, dan an taɓa zaluntarsu da sunan ilimi. A 1948 wata likita mai suna Frieda Fromm-Reichmann ta fito da ra'ayin cewa halin uwa ne ke haddasa wa ɗa wani ciwon ƙwaƙwalwa mai tsanani, aka yi shekaru ana ɗora wa uwaye laifi kafin a gane ra'ayin ba shi da tushe a watsar da shi. Ba na so mu koma can.

Amma fa ga inda maganar Baba ta gaza. A wani binciken tagwaye da aka yi a Landan aka buga a 2003, an ga cewa tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, waɗanda ƙwayoyin halittarsu iri ɗaya ne sak, in ɗaya na da baifola kusan kashi 40 cikin 100 ne kawai ake samun ɗayan ma yana da shi. Da gado ne kaɗai ke magana ai da duk su biyun za su kamu ko da yaushe. Kenan akwai wani abu a rayuwa da ke taɓa abin da aka gada, ya taso da shi ko ya bar shi kwance, kuma rayuwar yaro ina take in ba a cikin gida ba?

A 2016 wasu masana a Jami'ar Manchesta ta Ingila, Jasper Palmier-Claus da abokan aikinsa, sun tattara bincike 19 da aka yi a baya suka haɗa lissafinsu. Sun samu cewa masu baifola sun ninka waɗanda ba su da shi sau 2.6 wajen ba da labarin wahalar ƙuruciya, duka ne, cin zarafi ne, sakaci ne. Abin da ya sa na ajiye wayata na yi shiru ranar da na karanta shi ne, a cikin duk nau'ukan wahalar wanda ya fi kowanne alaƙa da ciwon ba duka ba ne, cutarwar baki ce, zagi da wulaƙanci da kushewa da tsoratarwa, ita ninkinta ya kai wajen sau 4. Rasuwar uwa ko uba kuma, wanda ni da na ɗauka shi zai zo a gaba, ba a ga wata alaƙa mai ƙarfi da shi ba a lissafin nasu.

Malam Edita Babanmu bai cika duka ba, zan iya ƙirga ranakun da na ga ya ɗaga hannu. Amma baki. Mu uku ne a gidan, ni da ƙanina da autarmu mace, kuma da yake shi kaɗai ne namiji duk burin Baba a kansa ya sauka. In ya zo na biyu a aji waye ya zo na ɗaya, in ya yi kuka kai wane irin namiji ne, in ya fasa kofi kai dama ba abin da za ka iya a rayuwa, kuma a gaban baƙi, a gaban mu 'yan uwansa. Da mun ji ƙarar buɗe ƙofa da yamma gidan ke yin tsit, kowa ya nemi abin yi. Na tuna yaron nan yana ɗan shekara 8 ya iya gane irin ranar da za a yi daga yadda Baba ya ajiye makulli. Ni a lokacin ban ɗauke shi komai ba, gida ne mai tsari, uba ne mai son ɗansa ya zama wani abu, kuma har gobe ban yarda cewa ƙiyayya ce ba, shi ma haka aka yi masa. Sai dai magana zarar bunu ce, kuma yaro ba ya jin niyya, kalma yake ji.

Mutane kan ce min to ai gida ɗaya kuka tashi me yasa ke ba ki kamu ba. Amsa biyu ce. Na farko ba rabon gado ɗaya muka ɗauka ba ko da uwa ɗaya uba ɗaya. Na biyu kuma ba gida ɗaya muka tashi ba in za a faɗi gaskiya, rufi ɗaya ne dai, amma Baban da na sani mai sauƙi ne a kaina, shi kuma wani Baban daban ya sani.

Yadda likitansa ya yi mana bayani, jikin mutum na da tsarin da ke tashi in an shiga tsoro, ƙwaƙwalwa ta aika saƙo a saki wani sinadari mai suna kotizol dan a shirya gudu ko kare kai, in hatsarin ya wuce komai ya kwanta. Yaron da kullum yake cikin ɗar-ɗar nasa ba ya samun kwanciya yadda ya kamata, kuma a lokacin ne ƙwaƙwalwar ke ginuwa, musamman ɓangarorin da ke riƙe fushi da tsoro da yanke shawara, wanda ba sa gama nuna sai an haura shekara 20. In dama akwai gadon ciwon a ƙasa to an ƙara masa itace. Akwai ma wani likita Ba'amurke, Robert Post, da tun 1992 ya kawo ra'ayin cewa tashin farko na ciwon galibi sai wani tashin hankali ya tunzura shi, amma in ya yi ta maimaituwa sai ya zo yana tashi da ƙaramin dalili ko ma ba dalili.

Kuma ko an ajiye maganar me ya kawo ciwon, akwai maganar yadda yake kasancewa. A 2016 ɗin dai Jessica Agnew-Blais da Andrea Danese a Landan sun haɗa bincike 30, suka ga masu baifola da aka cutar da su suna yara ciwon kan fara musu da wuri, ya fi tsanani, ya fi yawan dawowa, sun fi faɗawa shaye-shaye da fargaba, kuma sun fi yunƙurin kashe kansu. Wannan na ƙarshen ba zan yi dogon bayani a kai ba, mun taɓa kwana a bakin ƙofar ɗaki, ya isa haka.

Dole in yi adalci a nan dan kar wani ya ɗau wasiƙata ya je ya tsaya a kan iyayensa. Yawancin waɗannan binciken manya ake tambaya su tuno ƙuruciyarsu, kuma wanda ke cikin damuwa baƙin abu ya fi saurin tunowa. Sannan abin a cakuɗe yake, uban da ke da guntun ciwon a jikinsa ba a gano ba shi ne zai ba ɗa gadon kuma shi ne zai hargitsa gidan, to wanne za ka ce ya yi aikin? Wani yaron ma tun kafin ciwon ya bayyana yana da wuyar sha'ani, ba barci ba natsuwa, iyaye su gaji su yi ta masa tsawa, kenan ciwon ne ya jawo tsawar ba tsawar ce ta jawo ciwon ba. Akwai masu baifola da yawa da suka tashi a gidajen da ba abin da za ka kushe, akwai kuma waɗanda suka sha baƙar wahala ba su kamu ba. Alaƙa aka gani, ba a ce duk wanda aka zaga zai kamu ba.

Abin da ya fi amfanar mu dai ba tonon baya ba ne, abin da aka gano game da gida bayan ciwon ya riga ya zo ne. Tun wajen shekarun 1950 zuwa 1960 wani masani a Landan, George Brown, ya lura cewa masu ciwon ƙwaƙwalwa da aka sallama daga asibiti yanayin gidan da suka koma na da hannu a dawowar ciwonsu. Abu uku aka fi dubawa, yawan kushe, nuna ƙiyayya, da kuma shisshigin da ya wuce kima, wato kulawar da ke shaƙe mutum. A 1988 David Miklowitz a Amurka ya nuna haka abin yake ga masu baifola, waɗanda suka koma irin wannan gidan ciwonsu ya fi saurin dawowa cikin wata 9. Da na karanta wannan dariya ce ta kama ni mai haɗe da hawaye, dan gidanmu aka zana, Baba ne mai kushe, Mama ce mai shaƙewa, ka sha magani? me yasa kake dariya da ƙarfi? me yasa kayi shiru? ina za ka? har yaron yace mata wata rana, Mama ko murna ba ni da ikon yi sai an ce ciwo ne. Ni ma ban fita ba, ni ce mai binciken wayarsa.

Miklowitz ɗin bai tsaya nan ba, ya tsara wani zama na iyali gaba ɗaya, zama 21 cikin wata 9, ana koya musu menene ciwon da alamun tasowarsa, yadda za a yi magana ba tare da an soki juna ba, da yadda za a warware matsala ɗaya bayan ɗaya. A gwajin da aka buga a 2003 kan mutum 101, duk suna shan magani, cikin shekara 2 kashi 35 cikin 100 na waɗanda aka yi wa zaman iyali ne ciwonsu ya dawo, a ɗaya rukunin kuma kashi 54. Duk suna shan magani fa, bambancin shi ne wannan tsararren zaman na iyali.

Mu ba mu samu irin wannan tsararren zaman ba, amma likitan ya zaunar da mu sau da dama kuma mun ɗau abin da za mu iya. Muka rubuta alamunsa na farko tare da shi, da bakinsa ya faɗa, in ya kwana biyu yana barcin ƙasa da awa 5 ko ya fara turo dogayen saƙonni da tsakar dare to ni kaɗai zan yi masa magana, sau ɗaya, ba taron dangi ba. Barci muka riƙe da gaske dan rashin barci na cikin manyan abubuwan da ke tada maniya, lokacin kwanciya ɗaya lokacin tashi ɗaya. Yana shan litiyom, tsohon magani ne tun 1949 wani likita a Ostireliya John Cade ya gano amfaninsa, ana duba jininsa lokaci-lokaci saboda ƙoda da maƙoshi da kuma kar maganin ya yi yawa a jiki. Kar wanda ya fahimce ni ba daidai ba, daɗin baki ba ya maye gurbin magani, sau biyu ya daina sha da kansa dan yana jin ya warke kuma sau biyun mun ga abin da ya biyo baya.

Baba shi ya fi wuya. Bai taɓa cewa yayi kuskure ba kuma na daina jiran ranar, mutum mai shekara 70 ba a sake masa hali a zama ɗaya. Abin da nace masa kawai, Baba ba cewa ake kai ka sa masa ciwo ba, cewa ake maganarka tana da nauyi a wajensa fiye da ta kowa, in ka soke shi kwana yake bai yi barci ba, rashin barcin kuma ka san inda yake kai mu. Shiru yayi bai ce komai ba. Amma tun daga nan in abu ya ɓata masa rai sai ya tashi ya bar wajen, wanda a wajen Baba wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu ƙanin nawa yana 31, yana aiki, yayi aure da sanin matar tun kafin a yi nisa, suna da ɗa ɗaya. Tsoronsa kullum kar yaron ya gada. Na nuna masa wani bincike da aka yi a Holan inda aka fara da yara 140 da iyayensu ke da baifola aka bi 108 daga cikinsu tsawon shekara 12, kashi 13 cikin 100 ne suka samu wani nau'i na baifola, sai dai fiye da rabinsu sun taɓa fama da matsalar yanayi musamman damuwa. Nace masa ka ga mafi yawa ba sa kamuwa, amma ido ya zama a buɗe, kuma gadon ba a hannunka yake ba, abin da yaron zai riƙa ji in ka buɗe ƙofa da yamma shi ne a hannunka.

Roƙona gare ku Malam Edita, ku samo likitan ƙwaƙwalwa ku ba shi fili ko sau ɗaya a wata ya riƙa amsa tambayoyin iyalai, ba na marasa lafiya kaɗai ba, dan mu da ke zaune da su ba wanda ke koya mana komai, da kuskure muke koyo kuma a kansu kuskuren ke sauka. In za a yi a fara da tambayar Mama, dan har yau in ciwon ya ɗan motsa sai ta kira ni cikin dare ta sake yi min ita.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Taku,
wata mai karanta jaridarku, yayar mara lafiya